Takardar indijin, kwota da sashe na 42: me doka take nufi da hana nuna wariya?

"Assalamu alaikum. An haife ni a unguwar Hausawa a wani gari na kudu maso yammacin Najeriya. Mahaifina ma a nan aka haife shi, kakana ne ya zo fatauci daga Arewa ya zauna. Na je neman tallafin karatu na jiha, aka ce in kawo takardar indijin, ƙaramar hukumarmu kuma ta ce ba ta ba baƙi. Na je garin kakana, suka ce ba su san ni ba. A makaranta kuma abokaina suna cewa kwota da ake yi wa jihohin Arewa wariya ce ake nuna musu. Malam, mene ne ainihin ma'anar hana nuna wariya a doka? Abin da aka yi mini yana ciki? In yana ciki, ina zan kai kuka?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu uku kake nema: ma'anar kalmar a bakin masu shari'a, ko abin da ya same ka ya shiga ƙarƙashinta, da ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Ka kuma yi daidai da ka haɗa kukanka da na abokanka, domin tushensu ɗaya ne a kundin tsarin mulki, duk da cewa hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Tun daga farko zan faɗa maka ra'ayina. Abin da aka yi maka, a zahirin lafazin sashe na 42 na kundin, wariya ce. Amma samun gaskiya a takarda daban, karɓo ta a kotu daban, kuma tsakaninsu akwai ramuka da ya kamata ka sani.

Ba kowane bambanci ne wariya ba

Hukuma ba za ta iya mulki ba sai ta rarrabe mutane. Wanda bai kai shekara 18 ba ba ya zaɓe. Wanda bai yi karatun likita ba ba ya fiɗa. Mai samun kuɗi da yawa yana biyan haraji fiye da mai samun kaɗan. Duk wannan bambantawa ce, kuma babu wanda zai kira ta zalunci. Abin da doka ta hana shi ne a ɗauki wata sifa da mutum ya zo duniya da ita, ko wadda bai kamata a tilasta masa barinta ba, kamar ƙabila, jinsi ko addini, a mai da ita ma'aunin ba shi ko hana shi.

Saboda haka lauya, in aka kawo masa irin wannan ƙorafi, tambayarsa ta farko ita ce: me aka hana ka, ko wane nauyi aka ɗora maka? Sai ya tambayi wanene aka ba abin, wanda yake daidai da kai a komai in ban da sifa guda. Wannan mutumin da ake auna ka da shi shi ne ginshiƙin shari'ar baki ɗaya, kuma a nan yawancin ƙararraki suke rushewa. In ka ce an hana ka gurbin karatu saboda addininka, amma wanda aka ba ya fi ka maki, ba ka nuna wariya ba, ka nuna zargi ne kawai. Bayan haka sai a duba ko sifar tana cikin waɗanda doka ta lissafa, sannan a duba ko akwai togiyar da dokar kanta ta yi.

Akwai kuma wariyar da ba ta fito fili ba. Ƙa'ida tana iya zama ɗaya ga kowa a rubuce, amma in an zo aiki da ita sai ta tankaɗe wani rukuni kaɗai. Shahararren misali a duniya shi ne shari'ar Griggs a Amurka a 1971, inda wani kamfanin wutar lantarki ya gindaya shaidar kammala sakandare da jarrabawar basira ga ayyukan da ba sa buƙatar su, abin da ya fitar da yawancin baƙaƙen fata. Kotun Ƙolin Amurka ta ce ko da babu mugun nufi, sharaɗin da ba shi da alaƙa da aikin kuma yake kore wani rukuni bai halatta ba. Wannan yana da amfani gare mu, domin kundinmu ma ya ambaci yadda ake aiwatar da doka, ba lafazinta kaɗai ba.

Abin da sashe na 42 ya ce, da abin da bai ce ba

Asalin babin haƙƙoƙi a kundin Najeriya tsoron ƙananan ƙabilu ne kafin samun 'yanci. Kwamitin Willink da Turawa suka kafa a 1957 ya saurari koken waɗanda suke tsoron danniyar manyan ƙabilu a jihohi ukun wancan lokaci, kuma maimakon ƙirƙiro sababbin jihohi sai ya ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙi a kundi. Daga 1960 aka ci gaba da gadon wannan tanadi har zuwa kundin 1999.

Sashe na 42(1) ya ce ɗan Najeriya ba za a ɗora masa wani takunkumi ko tauyewa ba don kawai shi ɗan wata al'umma ne, ko wata ƙabila, ko don wurin asalinsa, jinsinsa, addininsa ko ra'ayinsa na siyasa, matuƙar ba a ɗora wa sauran 'yan ƙasa irinsa ba. Wannan ya shafi abin da doka ta faɗa ƙarara, da yadda ake aiwatar da ita, da duk wani matakin gudanarwa na gwamnati. Rabi na biyu na sashen, wanda mutane suke mantawa, ya hana a ba mutum wani gata ko fifiko saboda waɗannan dalilai. Wato hanawa da fifitawa duk an rufe su. Sai 42(2), wanda ya ce ba za a tauye ɗan ƙasa ba saboda yanayin haihuwarsa.

Wani abu da yake nuna nauyin sashen shi ne wannan. Sashe na 45 ya ba gwamnati dama ta taƙaita wasu haƙƙoƙi saboda tsaro, zaman lafiya ko lafiyar jama'a, amma ya lissafa sashe na 37 zuwa na 41 ne kawai. Na 42 ba ya ciki. Don haka jami'i ba zai kare wariya da cewa maslahar jama'a ce ta sa ba, sai ya nuna togiyar da kundin da kansa ya yi.

Yanzu ga giɓin. Sashen na 'yan ƙasa ne, baƙo daga wata ƙasa ba ya jingina da shi kai tsaye. Jerin dalilan bai ambaci naƙasa ba, bai ambaci shekaru ko rashin lafiya ba. Ƙaramin sashe na 1 yana magana ne kan doka da aikin gwamnati, shi ya sa mai gidan haya da ya ce ba ya ba Bahaushe ko bazawara haya yake da wuyar kamawa da shi. Kundin Afirka ta Kudu na 1996 ya fi namu faɗi a nan, domin sashensa na 9 ya hana ɗaiɗaikun mutane ma nuna wariya. Sannan 42(3) ya keɓe dokokin da suka sa sharuɗɗa kan naɗin muƙaman gwamnati da shiga soja da 'yan sanda. Kundin ma yana da nasa bambancin: sashe na 26 ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya damar zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, bai ba baƙon da ya auri 'yar Najeriya ba.

An cike wasu giɓoɓin da dokoki na musamman. Dokar hana nuna wariya ga masu ɗauke da cutar ƙanjamau ta 2014 ta shafi wuraren aiki, makarantu da asibitoci, na gwamnati da masu zaman kansu. Dokar naƙasassu ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta sa tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani, naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun ga mutum guda, ta ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin hukumomin gwamnati, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Duk wanda ya ga mai keken guragu a gindin matakalar sakatariya ya san aikin bai kai ko'ina ba. Akwai kuma Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi, wadda Najeriya ta mayar dokar cikin gida a 1983. Sashenta na 2 ya ce kowane mutum, bai ce ɗan ƙasa ba, kuma jerinsa ya haɗa da harshe da dukiya da kowane irin matsayi. Lauya mai hankali yana haɗa ta da sashe na 42 a ƙara ɗaya. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan mata kuwa, ko da yake Najeriya ta amince da ita a 1985, majalisa ba ta mayar da ita dokar gida ba, kuma sashe na 12 na kundi ya ce sai an yi hakan take da ƙarfin doka.

Inda kotuna suka nuna haƙora

Kada ka ɗauka sashen ado ne. A Afrilun 2014, a shari'ar Ukeje da Ukeje, Kotun Ƙoli ta soke al'adar Ibo da take hana ɗiya mace gadon mahaifinta, ta ce ta saɓa wa sashe na 42. A rana ɗaya, a shari'ar Anekwe da Nweke, ta yi watsi da al'adar da take korar matar mamaci daga gidan mijinta don ba ta haifi ɗa namiji ba. Mai karatu Musulmi zai tambaya ko wannan ya taɓa rabon gado na Musulunci. Waɗannan hukunce-hukunce sun shafi al'adun da suke hana mace ɗungurungum ne, shi kuwa gadon Musulmi kundin ya sa shi a hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a sashe na 277, kuma mace tana da kasonta yankakke. Abin da ya fi kusa da su a wajenmu shi ne ɗabi'ar wasu dangi ta cewa mace ba ta gadon gona, a bar wa maza su riƙe. Wannan ba shi da mafaka a Shari'a, ba shi da ita a kundi.

A Yunin 2022 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan biyu, ta tabbatar wa ɗalibai mata Musulmi haƙƙin sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas. Shari'ar ta faro ne daga babbar kotun jiha da ta goyi bayan haramcin a 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe shi a 2016. Ka lura da tsawon tafiyar. A Janairun 2023 kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Akure ta soke ƙa'ida ta 127 ta 'yan sanda, wadda take korar 'yar sanda marar aure in ta yi ciki, alhali ɗan sanda namiji da ya yi wa wata ciki babu abin da yake taɓa shi. A nan mutumin da ake auna mai ƙara da shi a fili yake, shi ya sa shari'ar ta yi ƙarfi.

Maganar indijin

Nan ne kundin yake magana da baki biyu. Sashe na 42 ya hana bambanci saboda wurin asali. Sashe na 15(2) ya maimaita haka, 15(3) ya ɗora wa hukuma ta tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken haƙƙin zama a ko'ina cikin tarayya. Sashe na 41 ya ba ka 'yancin zirga-zirga da zama, na 43 ya ba ka na mallakar fili da gida a kowace jiha. Amma sashe na 14(3) ya ce a kafa gwamnatin tarayya da hukumominta ta yadda ba za a samu rinjayen 'yan wasu jihohi ko ƙabilu ƙalilan ba, sashe na 147(3) kuma ya ce Shugaban Ƙasa ya naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha, wanda dole ya kasance ɗan asalinta. Kundin bai fassara ɗan asali kai tsaye ba. Abin da ya fi kusa shi ne sashe na 318, da ya bayyana ɗan jiha a matsayin wanda ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa yake cikin al'ummar da take 'yar asalin jihar. Da jini ake gwadawa ke nan, ba da zama ba.

Daga wannan ƙaramar ƙofa aka shigo da raƙumi. Tanadin da aka yi domin rabon muƙaman tarayya sai jihohi da ƙananan hukumomi suka shimfiɗa shi a kan tallafin karatu, kuɗin makarantar jami'o'in jiha, ɗaukar malaman firamare, har rabon rumfunan kasuwa a wasu wurare. Kuma babu wata dokar tarayya da ta tsara yadda ƙananan hukumomi 774 za su ba da takardar, kowace tana da nata ma'auni, wani lokaci ma'aunin yana sauyawa da sauyin ciyaman. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan wannan a 2006. A 2011 gwamnatin jihar Abia ta sallami ma'aikatan da ba 'yan asalin jihar ba, waɗanda da yawansu Ibo ne 'yan jihohin maƙwabta. Rikicin Jos tun daga 1994 yana da wannan jijiya a cikinsa. Ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya kuma: abin da ake yi wa jikan Bahaushe a Kudu shi ake yi wa jikan Bayarabe ko Ibo da aka haifa a Sabon Gari a Arewa. Wanda yake so a gyara masa dole ya yarda a gyara wa wancan.

To a ina ka tsaya? A ganina hujjarka mai ƙarfi ce. Tallafin karatu matakin gudanarwa ne na gwamnati. An hana ka shi saboda wurin asalin kakanka. Akwai wanda kuka tashi unguwa ɗaya, makaranta ɗaya, da aka ba. Togiyar 42(3) ta shafi naɗin muƙamai ne, ba tallafin karatu ba. Sashe na 14(4) ma yana gefenka, tunda ya umarci jiha da ƙaramar hukuma su lura da bambancin mutanen da suke ƙarƙashin ikonsu. Lauyan jiha zai ce kuɗi kaɗan ne, kowace jiha tana kula da nata, in an buɗe ƙofa kowa zai kwararo. Amsar ita ce jiha tana da halattacciyar hanyar iyakancewa, wato zama da biyan haraji. Jami'o'in jihohin Amurka suna rage wa mazauna jiha kuɗin makaranta, amma sharaɗin shi ne zaman wani lokaci, galibi shekara guda, wanda kowa yana iya cikawa. Sharaɗin jini kuwa ko mutum ya shekara ɗari ba zai cika shi ba. An yi ƙoƙarin gyara ta majalisa: a 2025 mataimakin kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya janye ƙudurinsa na ba da matsayin ɗan asali ga wanda aka haifa ko ya daɗe a jiha, bayan suka daga ɓangarori da yawa.

Da a ce muƙamin tarayya kake nema a kason wannan jihar, da maganar ta bambanta, domin a can kundin da kansa ya ba asali gurbi.

Kukan abokanka

Kada ka raina abin da suke faɗa, akwai gaskiya a ciki. A jami'o'in tarayya ƙa'idar ita ce kashi 45 na gurabe bisa cancanta, 35 ga jihohin da suke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka lasafta sun koma baya a ilimi, waɗanda yawancinsu na Arewa ne, amma ba duka ba. A kwalejojin gwamnatin tarayya an daɗe ana sa makin shiga daban-daban bisa jiha. Yaron da ya ci maki mai yawa aka bar shi, aka ɗauki wanda bai kai shi ba, an bambanta shi saboda asali, kuma ɓacin ransa na gaske ne. A shari'ar Badejo, wadda ta taso daga jarrabawar 1988 ta kai Kotun Ƙoli a 1996, wata yarinya ta ƙalubalanci wannan tsari, amma ba a yanke zuciyar maganar ba saboda an riga an gama ɗaukar ɗaliban. A 2014 Babbar Kotun Tarayya a Legas, a ƙarar da Olisa Agbakoba ya shigar, ta ce bambancin makin ya saɓa wa sashe na 42.

A ɗaya gefen, dokokin duniya sun yarda da matakan musamman na ɗaga waɗanda tarihi ya bari a baya. Yarjejeniyar kawar da wariyar launin fata ta 1965 ta ce irin waɗannan matakai ba wariya ba ne, da sharaɗin kada su zama haƙƙoƙi na dindindin, kuma a daina su in buƙata ta biya. Indiya ta rubuta nata a kundi, Afirka ta Kudu ma haka. Amurka ta juya baya a 2023, da Kotun Ƙolinta ta hana duba launin fata wajen shiga jami'a. Matsalar Najeriya ita ce sashe na 42 bai rubuta wannan togiya a fili ba, sai an jingina da 14(3), wanda yake magana kan tsarin gwamnati da hukumominta.

Ma'aunin da nake amfani da shi wajen tantance kowace kwota shi ne: wa take nufin ɗagawa, ta kai gare shi kuwa, kuma yaushe za ta ƙare? Gurbin da aka ware wa jihar da ta koma baya, in ɗan babban sakatare da ya yi makarantar kuɗi a Abuja ne ya cinye shi, yaron ƙauyen da aka yi tanadin dominsa bai ga komai ba. Kwota kuma ba ta gina aji, ba ta horar da malami. Tsarin da ya shekara arba'in ba a auna sakamakonsa ba yana buƙatar a sake duba shi, kuma 'yan Arewa ne ya fi kamata su nemi hakan. Ka kuma lura da halin da kake ciki: kwotar da abokanka suke ganin kana mora ba ta isa gare ka sai da takardar da ba ka da ita.

Abin da za ka yi

Ka fara da neman takardar, domin ta fi kotu sauri. Ƙa'idojin Hukumar Raba Daidai ta Tarayya, wadda aka kafa a 1996, sun bayyana ɗan asalin ƙaramar hukuma ta hanya biyu: wanda iyayensa ko kakanninsa 'yan asalinta ne, ko wanda ƙaramar hukumar ta karɓe shi a matsayin ɗan asali, da sharaɗin kada mutum ya yi iƙirarin biyu. Hanya ta farko tana buɗe maka garin kakanka. Kada ka fara da sakatariya. Ka nemi dangi ko dattijon da ya san gidan, ya kai ka wajen mai unguwa, daga nan dagaci, sannan hakimi, kowanne ya sa hannu, kafin a je ƙaramar hukuma. Ka tafi da takardar haihuwa, takardar rantsuwa daga mahaifinka mai bayyana nasaba, da hotuna. Hanya ta biyu tana nuna cewa ƙaramar hukumar da aka haife ka tana da ikon karɓarka in ta so, kuma a nan wasiƙar Sarkin Hausawa da rasitan harajin mahaifinka suna da tasiri. Kada ka sayi takarda a hannun 'yan tsakiya. In aka gano ta bogi ce, ana iya soke gurbin karatu ko aiki ko bayan shekaru, ga laifin jabu a kai.

A lokaci guda ka tara hujja. Ƙin da aka yi maka da baki ba ya tsayawa a kotu. Ka rubuta buƙatarka, ka miƙa kwafi biyu, a buga hatimin karɓa da kwanan wata a naka. Ka ajiye sanarwar tallafin da ta gindaya sharaɗin indijin, domin ita ce shaidar cewa asali ne ma'auni. Ka samo bayanin aƙalla mutum ɗaya da aka ba wanda bai fi ka cancanta ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta wajabta wa hukumar gwamnati amsa cikin kwana bakwai.

Kafin kotu akwai ƙofofin da ba a biyan kuɗi. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana karɓar koke a ofisoshinta na jihohi. Hukumar Sauraron Ƙorafe-ƙorafen Jama'a tana duba zaluncin gudanarwa, amma ka kai cikin wata goma sha biyu, kuma ba ta taɓa maganar da take gaban kotu. Hukumar Raba Daidai ita ce wurin kai ƙorafin ɗaukar aiki a hukumomin tarayya.

In sai an je kotu, sashe na 46 ya ba ka damar zuwa babbar kotu a jihar da abin ya faru, a ƙarƙashin ƙa'idojin tabbatar da haƙƙoƙi na 2009. Ba a neman izini kafin shigarwa. Ana haɗa takardar buƙata, bayanin haƙƙin da aka tauye da abin da ake nema, takardar rantsuwa mai ɗauke da hujjoji, da rubutaccen jawabin lauya. Wanda ake ƙara yana da kwana biyar ya mayar da martani. Ƙa'idojin sun ce dokokin ƙayyade lokaci ba sa kashe irin wannan ƙara, kuma ƙungiya tana iya shigarwa a madadinka, abin da ya fi dacewa da kai, tunda matsalar ta unguwa ce gaba ɗaya.

Kurakuran da suke kashe waɗannan ƙararraki sanannu ne. Na farko, a sa tauye haƙƙi a matsayin reshe alhali ainihin rigimar ta kora daga aiki ce ko ta sarauta. Kotuna sun sha cewa dole haƙƙin ya zama shi ne babbar buƙata, in ba haka ba a kori ƙarar. Na biyu, kuskuren kotu: wariya a wurin aiki hurumin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce tun gyaran kundi na 2010, a sashe na 254C. Na uku, a gina ƙara a kan sashe na 14, 15 ko 17 kaɗai. Waɗannan suna babi na biyu ne, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta shi, don haka ana kawo su ne su tallafi sashe na 42. Na huɗu shi ne jinkiri, irin wanda ya cinye shari'ar Badejo. In ana cikin rabon tallafin, lauya ya nemi umarnin wucin gadi a ajiye gurbinka. Ka kuma sani cewa karɓar diyya daga asusun gwamnati yana da nasa wahalar, domin doka ta nemi amincewar Antoni Janar kafin a kama kuɗin da yake hannun jami'in gwamnati. Shi ya sa hukuncin da ya soke sharaɗin ya fi diyya amfani.

Abin da na rubuta bayani ne a kan labarin da ka bayar, ban ga takardunka ba, kuma dokar da ta kafa hukumar tallafin jiharku tana iya ƙunsar lafazin da zai sauya yadda za a tsara ƙarar. Ka kai sanarwar tallafin, wasiƙar ƙin da aka yi maka da takardun haihuwarka da na mahaifinka wajen lauya, ko ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, ko cibiyar ba da shawarar shari'a ta tsangayar lauyoyi a jami'arku in akwai, tun kafin a rufe karɓar takardun bana.